Dankali da Cuku a Girkin Ƙasar Daura

Gasasshen dankali da cuku abinci ne na ƙasashen sanyi. Ana fere dankalin Turawa, a yanka shi fale-fale ko a goge shi, a jera a faranti mai zurfi, a kwarara madara mai kauri, a rufe samansa da cuku, sannan a tura shi tanderu har cukun ya narke ya yi ja. A yankin Dofine na kudu maso gabashin Faransa an san irinsa tun ƙarni na 18, ko da yake na can na asali madara ce da tafarnuwa, cuku daga baya ya shiga. A jihar Yuta ta Amurka, tsakanin mabiya ɗarikar Mormon, shi ne abin da maƙwabta ke ɗauka su kai gidan da aka yi rasuwa, har ana ce masa dankalin jana'iza. Duk inda aka same shi matsayinsa ɗaya ne: girkin uwa ne, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma shi ɗa ke marmari idan ya daɗe bai je gida ba.

A ƙasar Daura an san dankali, an kuma san cuku, amma har kwanan nan ba su haɗu a tukunya ɗaya ba. Cuku daga arewa yake gangarowa ta hanyar Damagaram, kuma tun kaka da kakanni yake kasuwa. Dankalin Turawa daga kudu ya hauro, daga tsaunukan Jos, bai kuma cika shekara ɗari a bakin talakan wannan yanki ba. A cikin wannan tsakani baƙon ya samu wurin zama a murhu, shi kuwa tsohon ɗan gida, tare da 'yan uwansa nono da man shanu, sai ja da baya yake yi.

Masarautar Daura, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu, ƙasar jigawa ce mai gajeriyar damina. Gero ne ke riƙe da gida, dawa da wake da gyaɗa na biye. A da, cimar yini sananniya ce: koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da dare. Nono na zuwa daga rugage a kan matan Fulani, sau da yawa ma ba kuɗi ake bayarwa ba, a auna gero ne a karɓi nono. Bayan girbi makiyayi kan kwantar da shanunsa a gonar manomi, su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Daga wannan zama ne man shanu ya zama kayan miya na yau da kullum. Bafulatana ta kaɗa kindirmo a gora, ta dunƙula man, ta jefa shi cikin ƙwaryar nono don kada ya narke a hanya. Uwargida ta saya ta soya shi da albasa, ta juye a kwalba ko ƙaramin kasko, ya yi watanni bai lalace ba. Cokali ɗaya a kan tuwo mai zafi, ko dambu, ko ɗanwake, ya isa ƙamshinsa ya sanar da na zaure cewa an sauke.

Ke nan abin da Bafaranshe ke nema a farantinsa, wato abu mai cika ciki haɗe da maiƙon madara, Badauri ya daɗe da samunsa. Fura da nono shi ne, tuwo da man shanu ma shi ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a taɓa jin ƙishin wani haɗi ba.

Cuku kuwa sana'ar mutanen da suka yi nisa da kasuwa ce. Buzaye da Fulanin Azbin, Damargu da Azawak su ne masu yin sa, galibi da damina, lokacin da ciyawa ta wadata, nono ya fi ƙarfin masu sha. Akan busar da tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba, a jiƙa ɗan guntunsa, a ɗiga ruwan cikin madarar da aka tatso yanzu. Nan da nan sai ta daskare. Mace ta ɗebo da ludayi ta zuba a kan 'yar tabarmar tsinke, ta baje shi da tafin hannu ya yi siriri mai kusurwa huɗu, ruwa ya tsiyaye, ta shanya. Zanen tsinken nan da ake gani a jikin cuku shaidar tabarmar ce. Idan ya bushe sosai sai ya yi tauri har ya ƙi tsinkuwa sai an karya, kuma zai yi watanni cikin jakar fata ba abin da ya same shi. Matafiyi kan daka shi da gero da dabino, ya dama da ruwa, ya sha sau ɗaya ya wuni bisa raƙumi. A gida kuma da shayi ake cin sa, a tsoma ya ɗan yi laushi.

Ayarin Azbinawa ne ya sanar da ƙasar Hausa wannan abu. Kowace shekara bayan kaka sukan gangaro da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da baƙaƙen rawuna na rinin Kura. Cuku guzurinsu ne, abin da ya ragu ya shiga kasuwa ko ya zama kyauta ga mai masauki. Daura na kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Kano, saboda haka ba ta taɓa rasa shi ba. Raƙuma sun ragu, motoci sun karɓa, amma hanyar ba ta sauya ba: daga Damagaram zuwa Matamaye, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, a sauka kasuwar Mai'aduwa. Har yau wanda ya je Damagaram ko Agadas ya dawo ba cuku a jakarsa, yara za su ce bai yi tsaraba ba.

Fulanin da ke kewayen Daura ba su ɗauki wannan sana'a ba, kuma lissafinsu daidai ne. Kilo ɗaya na busasshen cuku na cin kusan lita goma ta madara, alhali saniyar gida, bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, abin da ake tatsa a yini bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Matar da ke iya isa kasuwa da ƙafa kafin azahar, ta sayar da nononta gaba ɗaya ta koma, ba ta da dalilin shanya shi. Sannan akwai wata ƙa'ida ta girkin Hausa da ba a rubuta ba amma kowace mace ta san ta: nono da danginsa ɓangaren fura da kunu suke, abokan zuma da sukari, ba sa shiga tukunyar da ke da gishiri da barkono. Man shanu kaɗai aka yi wa izini ya tsallaka. Ko da wata ta so karya ƙa'idar, cukun Azbin ba zai taimake ta ba, domin an bushe shi ne don ya jure, ba ya narkewa ya yi yauƙi kamar na Turai.

Kafin zuwan dankalin Turawa, abin da ake tonowa daga ƙasa a ci ba shi da yawa a wannan yanki. Rizga da tumuku daga wajen Zazzau da Bauchi ake kawo su, abin marmari ne na 'yan makonni. Gwaza sai fadama. Rogo a gefen gona yake, ana cin sa dafaffe da ƙuli. Wanda ya fi su kama ƙasa shi ne dankalin Hausa, wanda asalinsa nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan 'yan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka bayan shekarar 1500, ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu har ya iso Arewa. Ya dace da ƙasar: yaɗonsa ake yanka a dasa bisa kunya, yana jure zafi, ganyensa abincin awaki ne. Da kaka yakan cika kasuwa, fari da ja. A dafa shi a ci da yajin ƙuli-ƙuli da ɗan mai, yara su binne shi a rushi da daren hunturu, mata su yanyanka su shanya don zaƙin kunun zaƙi. Amma duk da haka ba a ɗauke shi abinci ba. Magidancin da ya ci dankali ya ƙoshi da la'asar, idan dare ya yi zai tambayi tuwonsa, kuma ba wanda zai ga rashin kyautawarsa.

Dankalin Turawa ɗan tsaunukan Andis ne na ƙasashen Peru da Bolibiya. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, ya zama abincin talaka har ta kai lokacin da cuta ta kama shi a Ailan daga 1845, mutane kusan miliyan ɗaya suka mutu da yunwa. A Najeriya 'yan mishan da Turawan haƙar kuza ne suka fara shuka shi a tudun Jos, a lambunan bayan gidajensu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta matsa wa manoma su yawaita shi don ciyar da soja, a daidai shekarun da ake ɗibar dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza. Bayan yaƙi manoman Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin suka riƙe shi ya zama nasu, daga baya aka kafa tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos. Har gobe jihar Filato ce ke noma mafi yawan wanda ake ci a ƙasar.

Dalilin da ya sa ya maƙale a can shi ne sanyi. Shukar ba ta yin 'ya'ya sosai sai dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 20, kuma tudun Jos ya haura mita 1,200 daga teku. A Daura damina da zafi take zuwa. Sai da hunturu kaɗai, a inda ake da ruwan ban-ruwa, ake iya gwada shi, kamar yadda manoman rani ke yi a wasu fadamun Kano da Zariya. A Nijar ma a tuddai ya samu gida, a lambunan Tabelot da Timiya cikin duwatsun Azbin, inda jikokin masu ayari suka koma noman albasa da dankali. Ga Badauri dai kayan saye ne, kuma kaya ne mai wuyar sha'ani. Buhu ya taso daga Bokkos, ya sauka kasuwar 'Yankaba a Kano, ya bi ta Kazaure ya iso Daura, kowane zango da ladansa. Idan ya iso kuma ba ya ajiyuwa: zafi na sa shi tsiro ko ruɓa, rana na mai da bayansa kore, kuma koren nan ɗaci gare shi da guba, dole a fere shi a zubar.

Saboda haka ta sama ya shigo. Kukun Bature ne ya fara iya sarrafa shi, sai gidajen ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan sanda da suka yi zama a Jos ko Kaduna suka dawo da ɗanɗanonsa. Da kwalta ta haɗa garuruwa, kuɗin man fetur ya yawaita a shekarun 1970, sai ya sauko zuwa teburin mai kayan miya. Ƙofofi biyu ne suka shigar da shi gidan talaka. Ta farko jinya: an yarda cewa abinci ne mara nauyi, don haka farfesun dankali da hanta ko kaza ya zama abin da ake sawa a kwano a kai asibiti. Ta biyu, wadda ta fi faɗi, azumi. Ba a san wanda ya fara ba, amma soyayyen dankali da ƙwai ya zauna a faifan buɗa-baki kusa da ƙosai da kunun tsamiya, har ya zama gidan da ba a soya shi ba ko sau ɗaya a watan, yara na ganin an yi musu ƙwauro. 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa farashinsa kan tashi tun ana sauran kwanaki a ga wata. Amare ma suka karɓe shi, ya zama karin kumallon da ake burge ango da shi a makonnin farko.

Soyayyen dankali abin fita kunya ne. Wanda ya zama abincin gida na ainihi, wanda ya hau matsayin da gasasshen dankali da cuku ke da shi a wasu ƙasashe, shi ne faten dankali. Fate tsohuwar dabara ce, an daɗe ana yin na tsaki da na wake da na kabewa, dankali ya zo ne ya tarar da gurbi. A soya albasa a manja ko man gyaɗa, a zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir, a tsaida ruwa da busasshen kifi ko 'yan ƙasusuwa, a sa daddawa da gishiri. Idan ya tafasa a zuba dankalin da aka yanka ƙanana, a rufe, a rage wuta. Gwanintar tana wajen sanin lokacin da wani sashe ya narke ya ɗaure romon, wani kuma yana nan da jikinsa. Wadda ta yi gaggawa za ta sauke dankali yana iyo a ruwa, wadda ta yi sakaci ta sauke talge. Alayyafo ko zogale a ƙarshe suke shiga, don kada su yi baƙi. Wasu matan kan haɗa na Hausa da na Turawa, ɗaya ya ba da zaƙi da kauri, ɗaya ya ba da laushi, kuma kuɗin cefane ya ragu. Wasu su ƙara wake don ya riƙe ciki. A gidan da aka san daɗi, bayan an zuba a kwano sai a kawo kwalbar man shanu.

Aikin da madara ke yi a farantin Turai, na ɗaure abinci ya zama jiki ɗaya, a fate dankalin da kansa ke yi. Ba a kuma buƙatar tanderu, wanda dama girkin gida na Hausa bai ginu a kansa ba. Murhun duwatsu uku wutarsa daga ƙasa take, abin da ta iya shi ne tafasa da turara da suya. Tanda ta waina ce, tanderu kuma na masu gurasa da burodi ne, sana'a ce ta kasuwa. Duk abincin da ke son wuta sama da ƙasa a lokaci guda ba shi da inda zai zauna a irin wannan madafa.

Fate ne ake yi wa tsohuwar da haƙora suka ƙare, da yaron da aka yaye, da wanda zazzaɓi ya sake shi bakinsa ba ɗanɗano. Shi ɗalibin makarantar kwana ke roƙo ran da ya dawo hutu. Ranar da aka wuni ana ruwa a watan Agusta, lokacin da dankalin daminar Filato ya shigo ya yi araha, gidaje da yawa shi suke ɗorawa. Wuri ɗaya ne bai kai ba. A Daura ma maƙwabta na kai abinci gidan makoki har kwana uku, amma abin da ke cikin kwanukan tuwo ne, ko shinkafa, ko dambu, ko kunu a bokiti. A Yuta dankali ne mafi arahar abin da za a ciyar da taro, a nan kuwa hatsi ne, kuma ba mai fere dankalin da zai ishi mutum ɗari.

Yayin da dankali ke samun shiga, ɓangaren nono yana ta raguwa. Farin 1973 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi daga Azbin har ƙasar Hausa. Ba a gama farfaɗowa ba cutar bushiya ta auka wa shanun Najeriya a 1983, wani farin ya biyo a 1984. Makiyaya da yawa suka yi kudu ba su dawo ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye makiyaya da burtali, takin zamani ya sa manomi ya daina jiran shanun Fulani, kara da harawa ma suka zama abin sayarwa. Satar shanu da ta addabi yammacin jihar Katsina tun shekarun 2010 ba ta yi wa ƙasar Daura irin wannan ɓarna ba, amma kasuwar dabbobi ɗaya ce, abin da ya taɓa Batsari da Jibiya sai an ji shi a farashi a Mai'aduwa. Sakamakon yana cikin ƙwarya. Nono mai yawa da ake sayarwa yau da garin madara na buhu aka haɗa shi, wanda aka shigo da shi daga Turai ko Niyu Zilan, kuma nonon gari ba ya ba da mai. Man shanu na gaskiya ya koma abin aunawa da ƙaramar kwalba, mai saye na shinshinawa yana tsoron an gauraya. Gurbinsa man gyaɗa da manja da farin mai na jarka suka cike, ɗanɗanon da ya tafi da shi kuma aka nemi dunƙulen Maggi ya maye. Wannan ita ce babbar asarar da girkin gida ya yi a wannan zamani, kuma ta fi ƙarfin duk wani sabon abu da ya shigo, domin yaran da aka haifa bayanta ba su san abin da suka rasa ba balle su nema.

Cuku ma ya sha nasa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sun tsaida motoci a Kwangwalam. Ƙananan kaya ba su daina ratsowa ta hanyoyin daji ba, tunda dangi ne a kowane gefe, amma sun yi tsada.

Abin mamaki, wani abu mai kama da cuku ya mamaye unguwanni a daidai shekarun da nono ke raguwa, kuma ba saniya a cikinsa. Fulanin Kwara da Oyo da ƙasar Benin sun daɗe suna yin ɗanyen cuku mai laushi, wara, suna daskarar da madara da ruwan tumfafiya. Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya sa nama da madara suka gagari talaka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta shiga koya wa mata sarrafa waken suya, har da yadda ake daskarar da madararsa. Dabarar ta hauro Arewa ta zama awara. A jiƙa wake, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami, a matse a ƙyalle, a yanka a soya. Yau da wuya a ratsa unguwa a Daura ko Zango da yamma ba a ga kaskon mai awara ba, yara zagaye da ita. Kuma awara ta samu abin da cuku bai taɓa samu ba: ta shiga ɓangaren gishiri da yaji. Ana cin ta da kabeji da albasa, ana tsoma ta a ƙwai, ana jefa ta a miya, kuma a faranti ɗaya da soyayyen dankali ake kawo ta da azumi.

Haɗuwar dankali da cuku irin na Turai sai a 'yan shekarun nan ta faru, a gidaje ƙalilan. Zamanin mulkin Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, ya kawo wa mahaifarsa sabbin ma'aikatu, ciki har da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 wanda ya ratsa ta Daura. Ma'aikata da ɗalibai suka shigo da cimarsu, gidajen abinci suka ƙaru. Tukunyar gas ta shiga kayan ɗakin amarya, a gidan masu hali har da obin. Koyon girki, wanda da a gindin murhun uwa ake yin sa, ya koma waya: shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, bidiyoyin Facebook da TikTok, da azuzuwan da mata ke buɗewa a WhatsApp gabanin azumi, a biya kuɗi kaɗan a shiga. A nan ne 'yan mata suka ga farantin dankali ana ɗago shi cuku na bin cokali, suka ce su ma sai sun yi.

Yin nasa ne da wuya. Cukun da ke narkewa, cheda ko mozarela, daga manyan kantunan Kano ko Katsina ake sayo shi, ɗan ƙulli ɗaya ya fi kuɗin kwanon gero, kuma idan ba firji mai wuta tsayayya kwana biyu ba zai yi ba. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ɗaga farashin dankalin kansa, ga rikicin da ya hana manoman Bokkos da Mangu zuwa gona a wasu lokutan, ga cutar da ke ƙone ganyen shukar idan damina ta yi yawa. Don haka abincin da a garinsu na marasa ƙarfi ne, a nan ya zama na nuna hali, ana yin sa ran da za a yi baƙi ko a kai wa surukai buɗa-baki, a ɗauki hotonsa kafin a ci. Dattawa da yawa idan an ba su sukan ce ya cika maiƙo, ba yaji, su nemi a kawo musu fura.

Mata dai ba su bar shi haka ba, sun juya shi ya dace da abin da ke hannunsu. Wasu na amfani da ɗan cukun nan mai kusurwa uku na La Vache qui rit, wanda ya daɗe a shagunan Nijar kuma ba ya neman firji. Mafi yawa sun sauke cukun gaba ɗaya sun sa ƙwai a madadinsa. A dafa dankali sama-sama, a haɗa da soyayyen niƙaƙƙen nama ko kifin gwangwani, da albasa da attaruhu da koren tattasai, a kaɗa ƙwai biyar ko shida da ɗan garin madara a kwarara a kai. Wadda ke da awara ta marmasa ta a ciki don ya ƙara auki. Wadda ba ta da obin ta yi dabarar da masu kek suka daɗe da ita: a zuba yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a ɗora kwanon a kai, a rufe, a sa a kan kurfoti, a ɗebi garwashi a zuba bisa murfin don saman ya yi ja. Minti talatin zuwa arba'in ya isa. Idan ya huce ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kuma a yawancin gidaje da yajin ƙuli ko miyar jajjage ake kawo shi.